Manhajar da Ba a Yanke wa Ƙyalle: Daga Ramin Jeniba zuwa Kogin Haɗejiya

A ƙarƙashin ƙasa, kan iyakar Faransa da Suwizalan, dab da birnin Jeniba, akwai wani rami mai siffar zobe wanda kewayensa ya kai kilomita 27. A cikinsa cibiyar binciken Turai da ake kira CERN ta girke injin LHC. Aikin injin shi ne ya koro ƙwayoyin firoton, waɗanda suke daga cikin 'yan mitsi-mitsin abubuwan da suka haɗu suka yi ƙwayar zarra, su yi ta zagaye fiye da sau 11,000 a daƙiƙa guda, sannan ya gwara kansu domin masana fiziks su ga abin da zai fito. Da shi aka gano ƙwayar Higgs, aka sanar wa duniya ranar 4 ga Yuli, 2012. Jadawalin cibiyar ya nuna injin zai huta daga tsakiyar 2026 zuwa wajen 2030 domin a ƙara masa ƙarfi. Hotunan da jaridu kan buga na irin wannan aiki sanannu ne: manyan maganaɗisu rataye da sarƙa, da ma'aikata sanye da hular kwano. Amma akwai wani rabin aikin da ba ya hotuwa, wato sake rubuta manhajar da ke karɓar abin da na'urorin suka gani ta mayar da shi ilimi. A ganina wannan rabin ne ya fi cancantar mai karatu a ƙasar Hausa ya tsaya ya duba, domin na'urar awo ba ta fin manhajar da ke fassara ta daraja, manhaja kuwa tana tsufa ko da ba wanda ya taɓa ta. Inda rashin gane wannan ya fi yi mana tsada shi ne bakin kogin Haɗejiya.

Sai an san yawan bayanan kafin a gane matsalar. Firoton ba ɗaya-ɗaya suke tafiya a cikin zoben ba, a dunƙule suke, kowane dunƙule da fiye da biliyan 100, kuma dunƙulayen na iya haɗuwa har sau miliyan 40 a daƙiƙa. A wuraren haɗuwar an kafa manyan na'urorin gani guda huɗu: ATLAS da CMS da ALICE da LHCb. ATLAS kaɗai tsawonta mita 46, tsayinta mita 25, nauyinta tan 7,000, tana da 'yan idanun lantarki kusan miliyan 100. Da za a ajiye duk abin da ta gani, a kowace daƙiƙa za ta cika waya sama da 300 masu gigabait 128. Babu ma'ajin da zai ɗauki wannan, kuma ko da akwai, yawancinsa dusa ne, domin ƙwayar Higgs ba ta bayyana sai kusan sau ɗaya a cikin karo biliyan guda. Saboda haka aka yi wa na'urar matata mai hawa biyu. Hawa na farko allunan lantarki ne da ke yanke hukunci cikin abin da bai kai kashi uku cikin miliyan na daƙiƙa ba, su rage miliyan 40 ɗin zuwa 100,000. Hawa na biyu manhaja ce da ke gudana kan dubban kwamfutoci, wadda a zangon aiki na 2015 zuwa 2018 take zaɓar kimanin 1,000 a daƙiƙa ta ajiye. Aikin ya yi kama da na mai shiƙar shinkafa a masussuka, sai dai ita mai shiƙa idan ta ga tsaba ta bi iska tana iya tsugunawa ta tsince, a nan kuwa abin da matatar ta zubar ya tafi ke nan har abada. Idan wanda ya rubuta manhajar ya yi kuskuren layi ɗaya, ko bai yi tunanin wani irin karo na iya zama mai muhimmanci ba, to injin da aka kashe wa biliyoyi zai ga abin da idonsa, kuma ba wanda zai taɓa sanin ya gani.

Abin da aka ajiye ɗin ma ba hoto ba ne da mutum zai kalla ya ce ga Higgs nan. Tarin lambobi ne kawai: ido mai lamba kaza ya ji wucewar wani abu a lokaci kaza. A tsakiyar na'urar akwai faya-fayan silikon da aka jera hawa-hawa kewaye da wurin karon. Duk ƙwaya mai cajin lantarki da ta fita takan bar ɗigo ɗaya a kowane hawa, kuma saboda maganaɗisun da ke kewaye, hanyarta lanƙwashewa take yi. Aikin manhaja shi ne ta ɗauki ɗigo a hawa na farko, ta nemo wanda ya dace da shi a na biyu da na uku, ta zana lanƙwasar, daga nan ta lissafa ƙarfin ƙwayar da inda ta taso. Idan karo ɗaya ne, abin da sauƙi. To amma a kowace haɗuwar dunƙulaye ba karo ɗaya ake samu ba. A zangon da aka fara a Yulin 2022, ATLAS da CMS kan ga wajen karo 60 a lokaci guda, ɗaya kan ɗaya, kuma bayan gyaran da ke tafe ana sa ran adadin zai kai 140 zuwa 200. Nan gizo ke saƙar, domin idan ɗigo suka ninka uku, hanyoyin da za a iya haɗa su bisa kuskure ba sau uku suke ninkawa ba, sun fi haka nesa ba kusa ba. Cibiyoyin kwamfuta kusan 170 a ƙasashe fiye da 40 ne ke raba wannan lissafi a tsakaninsu, kuma masu binciken da kansu sun yi ƙiyasi sun ga cewa idan aka bar manhajar yadda take, kuɗin da ƙasashen ke bayarwa ba zai sayi kwamfutocin da za su wadatar ba.

A da, irin wannan damuwa takan warware kanta. Mai manhaja ya jira shekara biyu, sabuwar kwamfuta ta fito da ninkin sauri, tsohon rubutunsa ya ci gaba da gudu ba tare da ya canja harafi ba. Wannan garaɓasa ta ƙare wajen 2005, lokacin da masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta suka kai iyakar saurin da za su iya ba ta ba tare da ta ƙone da zafi ba. Maimakon ƙwaƙwalwa ɗaya mai tsananin sauri, sai suka koma cusa da yawa a guntu ɗaya. Manhajar da aka rubuta domin ta yi aiki ɗaya bayan ɗaya ba ta cin moriyar wannan sai an wargaza ta an sake tsara ta yadda za ta raba aiki gida-gida ba tare da wani sashe ya taka ƙafar wani ba. CMS ta yi nata sauyin a 2015. ATLAS, wadda manhajarta mai suna Athena ta ƙunshi miliyoyin layukan umarni da ɗaruruwan mutane suka rubuta cikin shekaru sama da ashirin, da yawansu ɗalibai ne da suka gama digiri suka kama gabansu, sai a zangon 2022 ta kammala nata. Ba kuma wannan ne karo na farko ba. A tsakiyar shekarun 1990, lokacin da kusan duk lissafin fannin ke cikin harshen kwamfuta na Fortran, René Brun da Fons Rademakers suka fara rubuta wata manhaja mai suna ROOT da harshen C++, kuma da ita ake zana kusan duk jadawalin sakamakon da ke fitowa daga CERN a yau.

Waɗanda suka fi kowa ƙarfin hali su ne mutanen LHCb. Tsohuwar matatarsu ta lantarki ba ta iya wuce da fiye da miliyan ɗaya a daƙiƙa, kuma da yake ba ta da zurfin tunani, tana zubar da irin karon da aka gina na'urar domin nema. A hutun 2019 zuwa 2022 sai suka cire ta ɗungurungum. Yanzu duk abin da na'urar ta gani, sau miliyan 30 a daƙiƙa, kimanin terabait 4, kai tsaye yake shiga hannun wata manhaja da suka rubuta suka sa wa suna Allen, domin tunawa da Frances Allen, mace ta farko da ta karɓi lambar yabo ta Turing a fannin kwamfuta. Manhajar tana gudana ne kan 'yan ɗaruruwan katunan sarrafa hoto, irin waɗanda aka fara ƙerawa domin masu wasannin kwamfuta. Wato aikin da a da sai an ƙera masa allo na musamman, wanda idan ana son canja shi sai an kira injiniya da abin walda, ya koma rubutu da za a iya gyarawa idan an sami dabara mafi kyau. ALICE ma ta bi irin wannan hanya da tsarinta mai suna O2.

Mai hankali zai iya cewa: abin da ke aiki, me ya sa za a taɓa shi? Manhajar da ta gano Higgs ai ta ci jarrabawa, kuma duk mai waya ya san ranar da ya sabunta wata manhaja ya wayi gari ta daina buɗewa. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma masu binciken ba su raina ta ba. Kafin su amince da sabon rubutu, sukan ɗauki tarin bayanai guda su bi da shi ta tsohuwar manhaja da sabuwa, su jera dubban jadawali gefe da gefe, duk inda aka sami bambanci sai an gano dalilinsa. Sukan kuma ƙirƙiri karon bogi a kwamfuta, wanda suka riga suka san amsarsa, su kwaikwayi yadda na'urar za ta gan shi da wata manhaja mai suna Geant4, su ga ko sabuwar za ta faɗi daidai. Sai dai barin manhaja yadda take ba ya nufin ta tsaya cik, domin ƙasar da take tsaye a kai ce ke motsi. Harshen Python na biyu, wanda dubban ƙananan rubuce-rubucen fannin suka dogara da shi, masu shi sun daina kula da shi a Janairun 2020. Tsarin CentOS 7 da cibiyoyin lissafi da yawa ke amfani da shi wa'adinsa ya cika a Yunin 2024. Uwa uba, ita kanta na'urar canjawa take yi. Tururin karon yana cin faya-fayan silikon a hankali, wasu idanu su dushe, wasu su mutu, sassa su gusa da abin da bai kai kaurin gashi ba idan aka kunna maganaɗisu ko zafi ya sauya. Lambobin saiti da suka yi daidai bara, bana ƙarya za su faɗa, kuma za su faɗe ta cikin natsuwa, da alƙaluma masu kyan gani. Wannan ne mafi haɗarin kuskure, domin manhajar ba za ta tsaya ba, ba za ta yi ƙara ba.

Akwai kuma ribar da ba a cika lissafawa ba, wadda ta shafi tsofaffin bayanai. A 2023 ATLAS ta koma kan bayanan da ta tara tun 2011, ta sake auna nauyin ƙwayar W da sababbin dabarun lissafi, ta sami amsa mafi daidaito fiye da wadda ta fitar a 2017, ba tare da an ƙara karo ko ɗaya ba. Labarin JADE ya fi wannan ban sha'awa. Na'ura ce da ta yi aiki a cibiyar DESY ta birnin Hambag a Jamus daga 1979 zuwa 1986, aka rufe ta, mutanenta suka watse. Bayan kusan shekara goma wasu masana suka ga cewa ilimin lissafin fannin ya ci gaba, kuma babu wani injin da ke aiki a irin ƙarfin da JADE ta yi awo. Suka bi sawun tsofaffin kaset, suka farfaɗo da manhajar da aka rubuta wa kwamfutocin da suka riga suka shuɗe, wasu alƙaluman ma sai a takarda aka same su aka sake shigar da su da hannu. Daga ƙarshe suka fitar da sabon sakamako daga na'urar da babu ita. Da an yar da manhajar, kaset ɗin da sun zama shara.

To mu ina ruwanmu? Amsar da aka saba bayarwa ita ce a CERN aka ƙirƙiro shafukan yanar gizo a 1989, ko kuma cewa ana amfani da Geant4 wajen tsara gashin cutar daji. Duka gaskiya ne, amma amsa ce ta mai neman a ƙyale shi. Manomin shinkafa a Auyo ko masunci a Kirikasamma bai tambaya ko Turawa sun ci riba ba. Abin da ya haɗa shi da wannan labari ya fi haka kusa: shi ma rayuwarsa ta rataya ne a kan wata na'urar awo da wani lissafin da ke fassara ta.

Kogin Haɗejiya ya samo asali ne daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, ya bi ta Wudil da Ringim ya iso Haɗejiya, daga nan ya rarrabu cikin fadama, kafin ruwansa ya haɗu da na Jama'are wajen Gashuwa ya zama kogin Yobe, ya nufi tafkin Chadi. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, mafi yawan ruwan da ke shigowa kogin yana bi ta ƙofofin da ɗan Adam ke buɗewa ya rufe, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. Yadda ake auna kogi kuwa abu ne mai sauƙin gani. A tashar awo irin ta Wudil, sanda ce mai zane-zanen lambobi a kafe a bakin ruwa, ma'aikaci ya zo ya duba inda ruwa ya kai ya rubuta a littafi, ko kuma na'ura ta rubuta da kanta. Amma abin da ya rubuta tsayin ruwa ne. Abin da mai madatsa da mai hasashen ambaliya ke buƙata shi ne yawan ruwan da ke wucewa a daƙiƙa, kuma ba a samun wannan sai an bi da tsayin ta wani ma'aunin lissafi da aka gina ta hanyar shiga kogin da kwalekwale ana auna faɗinsa da zurfinsa da saurinsa a lokuta daban-daban. Ma'aunin yana nan daidai muddin cikin kogin bai canja ba. Duk wanda ya san yankin ya san ya canja. Ruwan da madatsun ke saki da rani ya hana hanyoyin ruwa bushewa kamar da, ciyawar kachala ta samu wurin zama, ta riƙe yashi da laka, ta toshe tsohuwar hanyar kogin da ta Burum Gana, ruwa ya karkata zuwa mashigin Marma ya nufi Nguru. Mita uku a jikin sanda a shekarun 1980 da mita uku a yau ba ruwa ɗaya suke nufi ba. Matsalar silikon ɗin ATLAS ce sak, sai dai a can kuskuren takardar bincike yake ɓatawa, a nan kuwa gonaki da gidaje.

Kada a ɗauka lissafin kwamfuta baƙo ne a wannan fadama. Shirin kare dausayin Haɗejiya da Nguru da aka kafa a 1987 ya riƙa auna faɗin malalen ruwa daga jirgin sama, kuma Ted Hollis da Julian Thompson na Kwalejin Jami'a ta Landan sun gina manhajar kwaikwayon yadda ruwa ke shiga fadamar ya fita. Alƙaluma sun nuna malalen da ya wuce murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970 ya koma ƙasa da rabin haka a yawancin shekarun 1980 zuwa farkon 1990. Masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka ɗora nasu lissafin a kai, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama yana samar da amfanin noma da kifi da itace fiye da wanda aka tare domin manyan ayyukan ban-ruwa na sama. Wannan hujja ta shiga cikin muhawarar madatsar Kafin Zaki da aka so ginawa kan kogin Jama'are, wadda har yau ba a kammala ba. Ke nan manhaja ta taɓa ba talakan fadama baki a teburin da ba a gayyace shi ba. Amma fadamar da aka kwaikwaya a lokacin ita ce mai fama da ƙarancin ruwa. Wadda muke da ita yanzu ita ce ta 2020 da 2022, lokacin da ruwa ya shafe gonaki a Ringim da Auyo da Kafin Hausa da Guri, mutanen Haɗejiya kuma suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga domin kada ya shiga gari. Tambayar ta juya, kogin ya juya, don haka lissafin ma dole a sake shi.

Wani zai ce ai yanzu duniya ta ci gaba, tauraron ɗan Adam na kallon kogin kyauta. Haka ne. Hotunan Landsat, waɗanda suka faro tun 1972, kyauta ake bayar da su tun 2008. Sentinel-1 na Turai, da aka fara harbawa a 2014, yana gani ta cikin gajimare, abin da ke da muhimmanci a watan Agusta da Satumba. Akwai tsarin hasashen ambaliya na duniya na Tarayyar Turai, akwai na kamfanin Google, ga kuma hasashen shekara-shekara na hukumar harkokin ruwa ta NIHSA da na hukumar yanayi ta NiMet a gida. Duk a yi amfani da su. Sai dai tauraro ba ya sanin ƙofa nawa aka buɗe a Tiga jiya da daddare, ba ya ganin ruwan da ke kwance a ƙarƙashin kachala sosai, kuma manhajar da aka horar da kogunan duniya tana shan wahala a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Haɗejiya, inda tudun da bai wuce gwiwa ba ko wata hanyar mota da aka ɗaga ke yanke hukuncin ƙauyen da ruwa zai ci. Irin wannan manhaja tana buƙatar a gwada ta da awon ƙasa, a gyara ta, a sake gwadawa. Ko hukumar Amurka mai kula da Landsat sai da ta sake bi ta kan dukan tsofaffin hotunanta da sabon lissafi a 2020. CERN ma ba ta sayi manhajarta a kanti ba. Katunan kwamfutar ta saya, amma rubutun da ya san lungu da saƙon na'urarta, waɗanda ke kwana da na'urar ne suka yi shi.

Hujja mafi nauyi a kan wannan ra'ayi ita ce ta wanda ruwa ya ci gonarsa: manhaja ba ta tare ruwa. Abin da yake so a gani shi ne injin yasar kogi yana cire kachala, da jinga mai ƙwari, da magudanai. Yana da gaskiya, kuma duk wanda ya ce a bar waɗannan a sayi kwamfuta bai san zafin abin ba. Amma injin yasa ba ya iya share ɗaruruwan kilomita a rani ɗaya, dole a zaɓi inda zai fara, kuma buɗe wata hanya na iya sauƙaƙa wa wani gari ya jefa na ƙasa da shi cikin ruwa. Jingar da ta kare wannan gefe takan tura ruwan zuwa wancan. Mai madatsa kuma kullum yana tsakanin tsoro biyu: ya saki ruwa da wuri damina ta yanke ya rasa na noman rani, har da na filayen ban-ruwan Auyo da aka ƙaddamar a Janairun 2023, ko ya riƙe ruwan sama ya ci gaba ya zama dole ya sake shi gaba ɗaya a mafi munin lokaci. Waɗannan duka tambayoyin lissafi ne, kuma ana amsa su kowace shekara, ko da alƙaluma masu kyau ko da hasashen zuci. Abin da ake buƙata shi ne kuɗin sake auna tashoshin kogin da riƙe 'yan ma'aikatan da za su kula da lissafin.

Wahalar ita ce irin wannan kashe kuɗi ba ya burge kowa. Madatsa ana yanke mata ƙyalle, a kafa allo da sunan wanda ya gina. Sabunta ma'aunin tashar Wudil ba shi da ranar biki. Ko a Turai haka abin yake. Masana fiziks da suka ba da rayuwarsu ga rubuta manhaja sun daɗe suna kukan cewa idan an zo ƙarin girma takardun bincike ake ƙirgawa, ba rubutun da ya sa binciken ya yiwu ba, har sai da suka kafa ƙungiya tasu suka fitar da doguwar takardar tsari a 2017 suna neman a ɗauki manhaja a matsayin sashen na'ura, mai kasafinta da ma'aikatanta na dindindin. Mu namu salon ya fi muni. Shiri ya zo da kuɗin waje, a kawo ƙwararre ya gina manhaja mai kyau, a yi taron bita a otal, wa'adin shiri ya ƙare, lasisi ya mutu, kwamfutar ta tafi da wanda aka yi wa canjin wurin aiki. Bayan shekara goma wani shirin ya zo ya fara daga farko. An yi tuya an manta da albasa.

Gyaran ba ya buƙatar a jira wani daga waje. CERN ta buɗe rumbun bayananta ga kowa tun 2014, ROOT da Geant4 kyauta ne, kuma ɗalibin fiziks ko na kwamfuta a Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko Kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗejiya, zai iya sauke ainihin bayanan karon CMS ya koyi tace su da kwamfutar cinya. Akwai ma makarantar fiziks ta Afirka da ake yi tun 2010, wadda ta zagaya Afirka ta Kudu da Gana da Senigal da Ruwanda da Namibiya da Maroko. Abin da ɗalibin nan ba zai iya saukewa da sauƙi haka ba shi ne tsayin ruwan kogin da ke bayan makarantarsa. Wannan a hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are da NIHSA da gwamnatin Jigawa yake. Su tattara tsofaffin littattafan awo na Wudil da Haɗejiya da Gashuwa a shigar da su kwamfuta kafin gara ta riga mu, su riƙa wallafa yawan ruwan da ake saki daga Tiga da Challawa kowace rana inda kowa zai gani, a sake auna cikin kogin bayan kowace babbar damina, sannan a damƙa manhajar kwaikwayon fadamar ga jami'o'in jihar a buɗe, da layi nata a kasafin kuɗi na kowace shekara.